Yaya ake kulle karanshaf a injin da ba shi da alamar taimin?

AutanGareji_KD:
Assalamu alaikum iyayen gida da 'yan'uwa kanikawa. Ina da tambaya, kuma ina so in ji amsa kafin in sa sifana. An kawo mana Mazda 3 mai injin 2.0, otomatik, mai yana yoyo ta bayan fulin karanshaf, sil ɗin gaba ne ya mutu. Oga ya tafi gaisuwar rasuwa, ya ce in yi aikin. Na wanke wurin tas, na haska da tocila, na duba fuli na duba murfin taimin, ban ga alama irin wadda muka saba gani a Toyota ba. Akwai dai wani ɗan rami a jikin fulin. Ta yaya zan kulle karanshaf ya tsaya cak in kwance babban notin nan? Sannan tunda sil kawai zan canza, ba zan taɓa sarƙa ba, akwai ruwana da taimin?

Tsohon504:
Wa alaikumus salam. Ɗana, wannan ba abin tayar da hankali ba ne. Cire kik, ka sa wani ya soka babban sukundireba a tsakanin haƙoran filawil, babban faifan nan na bayan inji da kik ke juyawa, ya danne da kyau. Kai kuma ka zura dogon bututu a sandar soket ka ja. Kafin nan ka ɗiga farin fenti a fuli, ka ɗiga a jikin murfi. Haka muke yi tun ana haɗa 504 a Kaduna, kuma motocin na nan suna tafiya.

Injiniya_Apo:
Auta, don Allah kada ka taɓa notin nan tukuna.

Baba Tsohon504, Allah ya ƙara girma, shawararka daidai ce a injin da muka tashi a kai, amma wannan ba irinsu ba ne. A 504 da Toyota akwai ki a bakin karanshaf, ɗan ƙarfen nan da ke zama cikin tsagi, wanda ke hana giyar taimin da fuli juyawa su kaɗai. Ko ka cire noti ka tafi masallaci ka dawo, giya na nan inda take. Injin Mazda ɗin nan, wanda shi ne Ford ke kira Duratec a Focus da Mondeo, ba shi da ki ko ɗaya. Giyar sarƙa a sake take a kan karanshaf. Matsin babban notin ne kawai ke haɗa fuli da giya da karanshaf su zama abu guda, kamar ruwan fartanya da aka cusa wa ƙota ba a buga ƙusa ba. Da zarar noti ya saki, karanshaf na iya motsawa sarƙa na tsaye, ko sifirin na bawul su fizgi kamshaf karanshaf na tsaye. Taimin ya tafi ke nan, kai kuwa ba ka ga komai ba, don murfi a rufe yake.

Fentin da za ka ɗiga zai nuna maka inda fuli yake ne kawai. Ba zai gaya maka inda karanshaf yake a ciki ba.

Saboda haka amsar tambayarka ta biyu: e, akwai ruwanka da taimin. A wannan injin canjin sil na gaba aikin taimin ne.

AutanGareji_KD:
Alhamdu lillahi ban kwance ba. Oga Injiniya, to da me ake kulle shi?

DirebanKanoLegas:
Ni ba kanike ba ne amma na sha ganin ana yi wa motata. A sa soket da doguwar sanda a tokare ta da ƙasa ko da ƙarfen mota, a ɗan ba kik wuta sau ɗaya, noti ya saki nan take. Ba sai an wahala ba.

Mai_Honda_Sabongari:
Malam Direba, wannan dabarar a bar ta kawai. Sanda kan kuɓuce ta doki ƙafar mutum ko ta fasa lagireto. Kuma ba kowane inji ne ke juyawa ɓangare ɗaya ba. Honda Hala da Baby Boy mai silinda huɗu, injinsu juyin hagu yake yi. Ka ba kik wuta a kansu, ƙara ɗaure notin za ka yi, alhali dama a Baby Boy 245 Nm (ma'aunin ƙarfin ɗauri) ake ɗaure shi. Shi ya sa Honda ta yi wa fulinta rami mai kusurwa shida na milimita 50, ka sa marikin a ciki ka tokare, sannan ka ja noti da soket 19. Daga Honda End of Discussion ne mai silinda huɗun ya koma juyin dama.

Injiniya_Apo:
Kuma a motar Auta abin ya fi haka muni. Ka yi tunani: kik yana juya karanshaf, noti ya saki a tsakiyar juyi, giyar sarƙa ta tsaya, kamshaf ya tsaya da wasu bawul a buɗe, fistin kuma bai tsaya ba. Zai hau ya same su. Mutum ya zo canjin sil, a ƙare da sauke tof silinda, wato kan injin.

Auta, ga yadda ake yi. Abubuwa huɗu ne, kowanne da aikinsa. Akwai wani ɗan noti na toshiya a gefen bulok can ƙasa, kusa da ɓangaren fuli. Za ka cire shi ka ɗaura fin na taimin a gurbinsa. Sai ka juya inji a hankali juyin dama, da hannu, fulogi a cire, har ka ji karanshaf ya jingina da fin ɗin ya ƙi gaba. Nan ne fistin na ɗaya yake a tof, wato can ƙarshen hawansa a sama. Sannan ka cire murfin bawul, a ƙarshen kamshaf biyun ta ɓangaren giyabos akwai tsagi, ana zura falalen ƙarfe ya shiga duka biyun. Ramin da ka gani a jikin fuli kuwa, noti ne na M6, wato mai kaurin milimita 6, ke shiga ta nan ya ɗauru a murfin taimin, da hannu kawai, don ya nuna fulin ya zauna daidai. Wannan ma ba ƙaramin abu ba ne, domin haƙoran da sensar karanshaf ke karantawa a jikin fulin suke. Bawul na iya zama daidai, fuli ya karkace, wuta ta riƙa zuwa ba a lokacinta ba.

Na huɗu shi ne mariƙi, wanda zai ɗauki ƙarfin ja. Ko mai kama fuli, ko mai haƙora da ake ɗaurawa a ramin kik ya ciji filawil.

Abin da nake so kowa ya riƙe: fin da falalen ƙarfe da ɗan notin M6, nuna wuri suke yi. Ba su ne za su yi kokawa da babban noti ba. Wanda ya ja a kan M6, murfin taimin zai tsage, alminiyam ne.

Tsohon504:
To ai sukundireban da na faɗa shi ne mariƙin ke nan. Ba mu saɓa ba.

Injiniya_Apo:
A wajen riƙo ba mu saɓa sosai ba, Baba. Sai dai sukundireba na zamewa, kuma yana iya gutsure haƙorin filawil, daga baya kik ya riƙa ƙara. Inda muka saɓa shi ne fenti.

Hadiza_Corolla:
Ku yi haƙuri da katsalandan, ni mai mota ce ba kanike ba. Corolla 2006 gare ni. Duk wannan bayanin ya shafe ni? Domin an ce mini za a canza sil ɗin gaba a sabis mai zuwa, yanzu kuma gabana ya faɗi.

Mai_Honda_Sabongari:
Hajiya kwantar da hankalinki. Injin Corolla ɗinki yana da ki, sarƙarsa kuma tana da 'ya'ya masu launi da ake daidaitawa da alamomin giya. Cire fuli ba ya taɓa taimin ɗinki. Ki dai ce kada a kwance da kik.

BabanFijo_Panteka:
Na daɗe ina karantawa ban ce komai ba. Mu 'yan Fijo wannan maganar fin ba baƙuwa ba ce a wurinmu, don Faransawa sun daɗe da barin alama suka koma rami da fin. Ɗauki injin TU na 206 da 307 mai 1.4 ko 1.6. Akwai ɗan rami a gefen bulok wajen filtar mai, ka zura ƙarfe mai kaurin milimita 6, ko bakin diril, kana juya inji a hankali har ka ji ya faɗa cikin ramin filawil. Sai ka sa na kamshaf a sama. Shi ke nan, ka canza bel. Fulinsa ma ƙananan noti uku ke riƙe da shi, ba ruwanka da na tsakiya.

Amma ga abin da nake gani kullum. Yaro ya zura bakin diril a filawil, ya ga inji ya ƙi juyawa, sai ya ce ai na kulle, ya ɗauko bututu. Bakin diril ƙarfe ne mai tauri, ba ya lanƙwasa, karyewa yake yi. In ya karye a ciki, guntun na nan tsakanin bulok da filawil, wani lokaci sai an sauke giyabos kafin a fito da shi. An taɓa jawo mini wata 206 daga wani gareji a haka. Da muka raba giyabos da inji, ga guntun nan ya maƙale a bakin ramin, ya yi wa bayan filawil zane fari zagaye guda, don sun yi ta gwada tayar da ita a haka.

Wani abin kuma, fin ya shiga filawil ba ya nufin komai ya daidaita. Karanshaf sau biyu yake juyawa kafin kamshaf ya juya sau ɗaya. In ka sa fin a ƙasa ka ga ramin sama ya ƙi haɗuwa, yana can ɗaya gefen, kada ka tilasta. Zare fin, ka ƙara juyi ɗaya cikakke.

AutanGareji_KD:
Baba, wannan na ƙarshen ya shafi tawa ma?

BabanFijo_Panteka:
Ƙwarai. Tsagin kamshaf ɗinka ba a tsakiya yake ba, ya ɗan karkata gefe. In kana kan juyin da ba shi ba, falalen ba zai shiga ba. Kada ka ɗauko guduma.

DanMaradi_Garaji:
Salamu alaikum mutanen Najeriya. Ina so in ɗan gyara maganar Malam Injiniya, da ya ce fin ba ya ɗaukar ƙarfi sam. Ba duka ba. Mu nan muna samun Renault, Megane da Logan masu injin K4M. Da yawa cikinsu su ma ba ki a giyar karanshaf. Fin nasu mai kauri ne, ɗaura shi ake cikin bulok, karanshaf ya zo ya jingina da shi. Wajen ɗaure noti, ai juyin dama kake ja, kana ƙara danna karanshaf bisa fin ɗin ne, kuma haka aikin yake tafiya. Wajen kwancewa ne ba shi da amfani, don karanshaf baya zai yi ya rabu da shi. To wanga fin na Mazda ma, tunda jingina ne, mi zai hana a ɗaure a kansa?

Injiniya_Apo:
Gyaranka ya karɓu a kan Renault, na gode. Kowane inji da yadda masu shi suka tsara. Amma a Mazda tsarin shi ne a riƙe fuli da mariƙi. Dalili, ɗaurin ba na wasa ba ne: 100 Nm, sannan ka ƙara juya notin digiri 90. Wannan kwata ɗin na ƙarshe mutum biyu na iya yin gumi a kansa. In fin ya ɗan lanƙwashe, karanshaf ya wuce tof da digiri biyu ko uku, ka ɗaure a haka. Mota za ta tashi, amma ba ƙarfi, ga shan mai, ga fitilar cek, kwamfuta na cewa karanshaf da kamshaf ba su jitu ba. Sai a fara canza sensa ana zargin abin da ba shi da laifi. Wani lokaci kuma lanƙwasasshen fin ya ƙi fita daga bulok.

DanMaradi_Garaji:
Na san masu ɗaurewa bisa fin kuma ba abin da ya faru. Amma ban musa ba, in akwai mariƙi ya fi.

Zango_Suame:
Gaisuwa daga Kumasi. Mu a Magazine, unguwar kanikawa ta nan, ba mu jiran a kawo daga waje. Ka kai wa masu injiniyarin samfur, su sassaƙa maka fin, mai walda ya yanko guntun tsohon filawil mai haƙora uku ko huɗu ya liƙa a ƙarfe mai rami biyu, ka samu mariƙi na ramin kik. Yana aiki lafiya lau.

BabanFijo_Panteka:
Mariƙi kam a ƙera, mu ma a Panteka ana yi. Fin ne nake tsoro. Tsawonsa shi ne taimin ɗin gaba ɗaya. In ya ɗara da milimita ɗaya ko ya gaza, karanshaf zai tsaya a wani wuri daban, kai kana ganin kana tof. Kuma na Ford kala-kala ne, na 1.6 daban, na tsohon Zetec daban, na 2.0 daban, wasu in ka kalle su da ido sai ka ce ɗaya ne. In za a ƙera, a kwafa daga na asali na wannan injin, a auna da kalifa, ma'aunin nan na tsayi da kauri. Bayan haka ka cire fulogi na ɗaya ka zura doguwar sanda mai tsabta, ka gani da idonka cewa a daidai inda karanshaf ya jingina, nan sandar ta daina hawa.

Zango_Suame:
Gaskiya ne, Baba. Samfur ɗin dole ya zama na kirki.

Yaron_Oga_Zariya:
Mu a wajenmu igiya ake turawa ta ramin fulogi ta cika silinda, fistin ya danne ta, inji ya tsaya. Ko a sa giya ta biyar a taka birki.

Mai_Honda_Sabongari:
Motar otomatik ce, ɗan'uwa, koma ka karanta tambayar. Giya da birki ba sa riƙe inji a otomatik. Ko a manuwal ma akwai wasa a kulos da giya da shaf, karanshaf zai yi gaba da baya kafin ya tsaya. A inji mai ki ba damuwa, a wannan kuwa wasan nan shi ne matsalar. Igiya kuma in ba a lokacin da bawul biyu suke rufe ka tura ta ba, bawul za ka lanƙwasa, kuma duk ƙarfin jan a kan kwanrod ɗaya yake sauka.

Tsohon504:
Ni abin da ke damuna ba fin ba ne. A da, yaro zai koyi sauraron inji, ya san tof da yatsansa a ramin fulogi, ya san lokacin da bawul ke musayar hannu. Yanzu in babu akwatin kayan taimin, sai a naɗe hannu. Ranar da aka kawo motar da ba ku da akwatinta fa?

Injiniya_Apo:
Baba, ilimin da ka faɗa shi ne tushe, wanda bai san shi ba ko an ba shi akwati ba zai amfana ba. Amma ka dubi injin EP6 na Fijo 308 da 508. Shi in ka sa fin a filawil, ba a tof yake tsayawa ba sam. Fistin huɗun duk a tsakiyar silinda suke, tsayi ɗaya, don a iya juya kamshaf ba tare da bawul ya taɓa komai ba. Shi ma ba ki. Wanda ya zo da ilimin tof kaɗai ya ce zai saita shi da ido, ina zai kama? Ga shi Fijo daga ɓangaren giyabos take fara ƙirga silinda ta ɗaya.

BabanFijo_Panteka:
Wannan haka yake. Kuma ko a tsofaffin ma ido na yaudara. A 406 mai injin XU, ta jikin fuli ake zura fin. Fulin kuwa ƙarfe biyu ne da roba a tsakani. In robar ta tsufa, na wajen ya zame, ramin ya bar wurinsa. Fin zai shiga lafiya, taimin kuma ba daidai ba. Sai ka haɗa da duba inda ki yake kafin ka yarda da shi. Don haka ni ina tare da ku duka biyun, a sa fin, a kuma san abin da fin ɗin ke nufi.

Hadiza_Corolla:
To mu masu mota ta yaya za mu gane wanda ya san aikin? Mijina Focus yake ja.

Injiniya_Apo:
Hajiya, ya tambayi kaniken: injin nan yana da ki a karanshaf? Sannan ya ce a nuna masa abin da za a kulle da shi. Wanda ya sani ba zai ji haushi ba, zai ɗauko ya nuna.

AutanGareji_KD:
Na dawo. Na cire murfin bawul, na ga tsagin biyu kamar yadda aka faɗa. Na kuma gano notin toshiyar a gefen bulok, sai da na cire taya da robar ciki kafin hannuna ya kai. Na yi waya da Oga na karanta masa abin da kuka rubuta, ya ce in dakata har a samo kayan. Mai motar dai yana ta matsa mini, wai gobe zai yi tafiya. Na ce masa ya ƙara mai ya riƙa dubawa, ko ya bar ta.

BabanFijo_Panteka:
Ka yi daidai. Akwai maƙwabcina mai aikin Ford da Mazda, yana da cikakken saiti. Yi mini magana ta akwatin sirri, ka zo da safe in haɗa ku. In ya yarda ma ya biyo ka ya tsaya a kai, ka ba shi na shayi, ka koya a hannunsa.

Injiniya_Apo:
Kafin ka fara, ka nemi sabon noti. Irin wanda ake ƙara wa digiri bayan awo miƙewa yake yi, sau ɗaya ake amfani da shi. Akwai kuma wasu siraran wosha a gaba da bayan giyar sarƙa, masu ɗan kaushi a jiki, su ne ke hana zamewa. A ƙa'ida su ma sababbi ake sawa. Kada mai ya taɓa fuskokin da ke haɗuwa. In ka gama ɗauri, zare fin da falale da M6, ka juya inji da hannu sau biyu cikakku, ka mayar da fin, ka ga ko falalen zai sake shiga ba tare da dole ba. In bai shiga ba, a sake. Kuma ka ƙirga kayanka kafin ka ba kik wuta, kada a manta fin a bulok.

DanMaradi_Garaji:
Sabon noti na yarda. Amma woshar da ke bayan giya, ai sai ka buɗe murfin taimin ka cire sarƙa kafin ka kai gare ta. Mutum ya zo canjin sil, za ka ce mashi a buɗe gaban inji duka? Ni ta gaba kawai nake canzawa in na samu.

Zango_Suame:
In ka samu ɗin. Nan sau da yawa sai dai ka ciro daga injin da aka yanka.

Injiniya_Apo:
Ta injin da aka yanka an riga an matse ta sau ɗaya, me ya bambanta ta da wadda ke ciki? Ni dai in zan ba da garanti, sababbi nake sawa, in gaya wa mai mota kuɗin tun farko.

Tsohon504:
Wosha ta riƙe taimin ɗin mota. To, Allah ya kyauta. Auta, in kun buɗe ka ɗauko mana hotonta, ina so in ga kaurinta.

AutanGareji_KD:
In sha Allahu Baba. Oga Injiniya, saura abu ɗaya. Ba mu da abin auna digiri a garejinmu. In na yi wa kan notin alama da fenti na ja shi kwata ɗin zagaye, ya wadatar, ko shi ma sai na aro?